Sunan da Ba a Faɗa a Kan Ruwa

Chen Mantun ya daɗe a kan Kogin Dako, har ya haihu a kai, amma bai taɓa jin an kira sunansa a cikin jirgi ba. Ba raini ba ne. Sunan gidansu ne ya zo da matsala: Chen, in ka faɗe shi a harshensu, fitarsa ɗaya da kalmar nutsewa, babu ko ɗan bambancin da kunne zai kama. Mutanen ruwa kuwa ba sa faɗin wannan kalma. Ba sa cewa kife. In sun cinye gefe ɗaya na kifi ba sa juya shi, sai su zare ƙashin su ci na ƙasa. Ko cokali ba sa kifawa.

Ranar da ya auri Lingu ya hau jirginsu da ɗan ƙunshin kayansa, surukarsa Inna Dou ta sa wani mai karatu a bakin gaɓa ya zana mata sunan a ƙasa da tsinke. Mutumin ya ce rubutun gida biyu ne, na hagu kunne, na dama gabas. Ta ce to ya isa. Daga ranar ya zama Kunnen Gabas, in tana sauri ta ce Kunne, in ranta ya ɓaci ta ce ɗan tudu, domin a wurin toya tubali na garin Linqing ya tashi, ƙafarsa ba ta san ruwa ba sai da ya girma.

Shi dai har yanzu kogin yana ba shi mamaki. Kogi ne da ba shi da uwa. Mutane ne suka haƙa shi da fartanya da kwando, kakannin kakanni, wani sarki ya fara, wani ya ƙara, wani ya miƙar da shi, duk don shinkafar kudu ta isa birnin sarki a arewa. Tunda ƙasa ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, sai suka yi wa ruwan matakala. A kowane mataki akwai ƙofa: katangun dutse biyu suna fuskantar juna, da tsaga a jikinsu inda ake zura katakai a tare ruwa. In aka zare katakan, ruwan sama ya zubo ta tsakani da ƙugi, kuma ta cikin wannan zubowar jirgi zai hau. Wurin ana ce masa maƙoshi.

A cikin ƙofofin nan babu wadda ake tsoro kamar Ƙofar Bijimin Ƙarfe. Akwai wani bijimi na ƙarfe kwance a kan gaɓarta, an ce shi ke danne ambaliya, bayansa ya yi sulɓi saboda shafar hannu, kuma wai in ruwa zai yi ɓarna ana ganin hancinsa ya jiƙe tun kafin hadari ya haɗu. Mantun ya shafa shi da safen nan. Hancin a bushe yake, sai zanzaro da ya yi gida a kunnensa.

Jirgin Inna Dou ɗauke yake da manyan randuna masu ƙyalli daga kudu, an jera su cikin ciyawa. Shi ne gidansu, shi ne gonarsu. A cikinsa aka haifi Lingu, a cikinsa uban Lingu ya cika, kuma yanzu 'yarsu Suo, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba, tana zaune a ƙofar rumfa da igiya a ƙugunta da gyanɗama ɗaure a bayanta saboda faɗawa ruwa, kamar kowane ɗan jirgi. Labari ya riga ya zo cewa jiragen shinkafar sarki suna tafe a baya. In suka iso, ƙofa tasu ce su kaɗai, ƙananan jirage sai su jira, mai yiwuwa har ruwan arewa ya daskare. Don haka kowa yana neman ya wuce yau.

Inna Dou ta yanka zakara a goshin jirgi, ta bar jinin ya gangara kan katako, ta kunna turaren tsinke. Ta ce wa Mantun ya ci shinkafarsa kaɗan, ciki a cike ba ya riƙe gorar tura jirgi. Ta kuma maimaita masa abin da ya riga ya sani: idonsa a katanga, gorarsa a katanga, ko sama ta faɗo kada ya ɗaga ta.

Akwai kuma abin da ba ta maimaita ba, don babu mai son ya faɗa. A kowace gaɓa, can baya da katanga, akwai gungumen naɗi a tsaye, da dogayen sanduna a jikinsa, mutane suna tura shi suna zagayawa, igiyar gora mai kaurin cinyar mutum tana nannaɗuwa, jirgi yana hawa. Kusa da kowane gungume ana tsayar da mutum ɗaya da gatari. Daga inda yake ba ya hango jirgi, katanga ta kare shi. Aikinsa saurare. In aka yi ihun kalmar nan ta nutsewa daga kan katanga, zai sare igiya nan take, ruwa ya tofo jirgin baya, ya je ya farfashe a ƙasa inda akwai faɗi. Domin jirgin da ya zauna a cikin maƙoshi ya toshe wa sarki hanyar abincinsa, kuma wuyan shugaban ƙofa ne zai amsa. Ba a tambayar wa ke ciki.

Rana ta ɗan ɗaga lokacin da layi ya zo kansu. Ma'aikatan ƙofa suka jefo igiyoyi, ɗaya daga gabas ɗaya daga yamma, Mantun ya ɗaure su a turakun goshi, Inna Dou ta zo da kanta ta ja ƙullin ta gani, ta koma baya ta kama sandar wutsiya, wadda ake juya jirgi da ita. Lingu ta ɗauki gora ta tsaya a gefen yamma, shi yana gabas. Aka buga kuge. Igiyoyin suka taso daga ruwa suna tsiyaya, suka miƙe, suka fara kuka. Jirgi ya motsa.

A daidai nan ya ji muryar.

Wani ne yake tallan dogon fanke a kan gaɓar gabas, yana cewa da zafi, da zafi, mai ƙona harshen suruka. Ƙugin ruwa ya danne kowace murya a wurin, ban da wannan. A duk faɗin ƙasar mutum ɗaya ya sani mai irin wannan maƙogwaro, Kuai, wanda suka yi ɗaukar tubali tare a Linqing. Mutumin kirki ne, mai ƙaton ciki, ya taɓa goya shi a baya zuwa gidan mai magani lokacin da zazzaɓi ya kayar da shi. Amma Kuai bai san raɗa ba. In ya hango ka a ƙarshen kasuwa, sai kasuwar duka ta san sunanka. Kuma shi ɗan tudu ne tsantsa, a wurinsa Chen suna ne kawai.

Mantun ya saci kallo. Ga shi can kuwa, da tire a rataye a wuya, ya ƙara ƙiba, yana ratsa 'yan kallo yana nufo bakin katanga, inda ciniki ya fi tafiya.

Ya ja malafarsa ta rufe masa fuska har hanci. Ya matsa kusa da Lingu gwargwadon yadda gora ta bar shi, ya gaya mata a taƙaice: mai fanken can ya san shi, da sunansa na tudu ya san shi. Lingu ta dubi katanga, ta dubi Suo, ta dubi uwarta can baya, wadda ko an yi mata ihu ba za ta ji ba. Babu hanyar komawa, igiya ta riga ta ɗauki nauyi, in aka sassauta yanzu ruwa zai murɗe su.

"Ka sunkuyar da kai, Baban Suo," in ji ta. "Ka zama kamar kowa."

Goshin jirgi ya shiga inuwar katangu. Nan sanyi ne ko da rana, duwatsun sun yi kore, ga zurfafan layuka a gefensu inda igiyoyin mutanen da suka mutu tuntuni suka ci dutse. A kusurwa akwai wata dabbar ruwa da aka sassaƙa, mai ƙaho ɗaya, ta leƙo da kai ƙasa tana kallon ruwa, kullum Mantun yakan ga kamar tana ƙirga masu wucewa. Yau bai dube ta ba. Ruwa ya taso a gabansu kamar tudu, fari a sama, baƙi a ƙasa. Jirgin ya ɗaga hanci, randuna suka yi gurnani cikin ciyawa. Yana jin kowane taku na masu tura gungume a tafin ƙafarsa, jirgin ya ɗan ci gaba, ya tsaya yana rawa, ya ɗan ci gaba.

Ya kafa ƙugiyar gorarsa a tsagar dutse ya tura da kafaɗa. In ta zame, ya sake kafawa a gaba. Ta ƙarƙashin malafa ƙafafun mutane kawai yake gani a bakin katanga, takalman ciyawa, takalman yadi, ƙafar wani yaro ba takalmi. Jirgi na hawa, ƙafafun na matsowa kusa. Muryar ma tana matsowa. Yanzu Kuai yana tsokanar wata tsohuwa, wai ta sayi biyu tunda haƙoranta biyu ne suka rage, kowane ya sami aiki.

Suka kai tsakiyar maƙoshi, inda ruwa ya fi ƙarfi. Wani kumfa ya daki goshin jirgi ya watso, iska ta biyo bayansa, ta shiga ƙarƙashin malafar ta fizge ta. Igiyar haɓa ta tsinke. Mantun ya ga malafar tana juyi a kan ruwa, ta wuce Inna Dou, ta tafi.

Ya sa fuskarsa cikin hammatarsa. Amma mutum ba ya tura gora da fuska a ɓoye, dole ya ɗago ya ga inda zai kafa. Ya ɗago. Kuai yana tsaye a samansa, fanke a hannu, baki a buɗe. Mantun ya ga murna tana cika masa fuska a hankali, daga ido zuwa kumatu. Ya girgiza masa kai. Ya ciji leɓe ya zaro ido, ya sake girgiza kai. Kuai ya ɗauka wasa ne. Ya ja numfashi har tiren ya ɗaga a kan cikinsa.

"Chen! Chen!"

Kuge ya yi shiru.

Abin da ya biyo baya Mantun ya ji shi ne, bai gani ba. Sara ɗaya daga gabas, mai taushi, sara na biyu, sannan ƙara kamar an fasa dutse. Igiyar gabas ta taso sama ta yi bulala, ta faɗo ruwa. Jirgin ya zabura baya, igiyar yamma ta riƙe shi, ya karkace, gindinsa ya nufo katangar gabas, goshinsa yana lilo a tsakani. Randa ta fashe a ciki, wata ta bi ta. Suo ta gangara har iyakar igiyarta ta tsaya tana reto a gefen rumfa, gyanɗamar tana bugun katako. Lingu ta taka igiyar yarinyar da ƙafa ba tare da ta saki gora ba. Can baya Inna Dou ta kwanta da ƙirji a kan sandar wutsiya, ƙafafunta na zamewa.

Igiya ɗaya ta rage. Mai gatarin yamma ya fi nisa, ruwa ya raba shi da muryar. Ya ji wani abu, bai tabbata ba. Mantun ya hango bakin gatarin ya leƙo ta saman katangar yamma, a ɗage, yana ƙyalli, bai sauka ba. Mutumin yana jiran ya ji sau ɗaya kuma.

Kuai bai fahimci komai ba. Ya ga dai igiya ta tsinke, ya ga abokinsa cikin haɗari, sai ya durƙuso a bakin katanga yana miƙo hannu.

"Yaya Kuai, rufe bakinka," in ji Mantun. "Don girman iyayenka, kada ka kira ni."

Ruwa ya cinye maganar. Kuai ya sa hannu a kunne, ya nuna bai ji ba. Sannan ƙirjinsa ya sake kumbura.

Gorar ce kaɗai ke tsakanin jirgi da dutse. In ya ɗaga ta, za su daki katanga da duk nauyin randunan. In bai ɗaga ba, sunan zai fito. Mantun ya zare ƙugiyar daga tsaga, ya cilla ta sama, ta shiga ƙarƙashin ɗamarar Kuai, ya rataya a jikin gorar da duk nauyinsa.

Ƙaton mutum ne, amma a durƙushe yake, kuma ya riga ya miƙo gaba. Ya taho kamar buhu. Ƙafafunsa suka yi sama, wandonsa ya zame har gwiwa, tiren ya tashi, fanke ya watsu a iska kamar tsuntsaye. Ya faɗo da mazaunai cikin wata randa da ta buɗe baki a tsakiyar ciyawa, ya shige har ƙugu ya maƙale, hannuwa da ƙafafu a waje suna wutsil-wutsil. A lokacin nan ne jirgin ya daki katanga. Katako ya yi ƙara mai tsawo, Mantun ya faɗi, ya rarrafa, ya danne bakin Kuai da tafin hannu biyu.

Wata mata a kan katanga ce ta fara. Dariya ta kuɓuce mata, irin wadda tsoro ke matsowa. Na kusa da ita ya kama, ta bazu. 'Yan kallon yamma, waɗanda suka fi kowa ganin farin mazaunan Kuai lokacin da yake tahowa, suka riƙe ciki, wani har yana dukan cinya. Dariyar ta haye ƙugin ruwa ta isa bayan katanga.

Mantun bai ɗauke ido daga bakin gatarin ba. Yana nan a ɗage. Ya ɗan yi rawa. Mai gatarin ya daɗe a aikin nan, ya ji yadda taro ke yi in ruwa zai ci jirgi da mutane, kuma bai taɓa jin an yi dariya ba. Gatarin ya yi ƙasa a hankali, ta gefe, ya ɓace. Wani kai mai furfura ya leƙo ta saman katanga, ya dubi jirgi, ya dubi mutumin da ke cikin randa, ya juya ya yi wa mai kuge tsawa.

Kuge ya dawo da sauri-sauri. Masu turawar gabas, da gungumensu ya zama fanko, suka sheƙa ta kan gadar katako suka haye yamma, suka faɗa wa sanduna, mutum a kan mutum. Igiya ɗaya tana jan abin da aka yi wa biyu. Tana kuka, zaren gorarta yana tsinkewa ɗaya-ɗaya yana miƙewa kamar gashin bushiya. Mantun ya ce wa Kuai a cikin kunne, in ya sake buɗe baki zai tura shi ruwa da randar gaba ɗaya, sannan ya sake shi ya ɗauki gora. Yanzu ba a hana jirgi taɓa dutse, sai dai a rage masa. Suka hau suna gogar katanga, katakon gefe yana ɓarewa, Lingu ta dawo gefensa suka haɗa kafaɗa a gora ɗaya. Suo tana tsala kuka, wanda ya nuna lafiyarta ƙalau.

Sai ƙugin ya koma bayansu. Goshin jirgi ya sauko ya kwanta a kan ruwa mai laushi, kore, har da agwagi a gefe.

Inna Dou ta ɗaure sandar wutsiya, ta ratsa ta cikin fasassun randuna, ta ɗauki jikarta ta shafa ta daga kai har ƙafa, ta miƙa wa uwarta. Sannan ta sauka cikin jirgi ta zura hannu ƙarƙashin ciyawa tana bin katako da yatsu. Ta daɗe a can. Da ta fito hannun rigarta a jiƙe yake har kafaɗa. Ta ce haƙarƙarin jirgin biyu sun tsage, ruwa yana shigowa, amma ƙashin bayan bai taɓu ba. In ana kwarfewa ba tsayawa, za su kai wurin masu gyara a gari na gaba.

Suka fasa randar da guduma kafin Kuai ya fita. Idon sawunsa ya kumbura, ba ya iya taka ƙasa. Lingu ce ta gaya masa abin da ya yi, a hankali, ba tare da ta faɗi kalmar ba. Ya saurara, fuskarsa tana canza launi, ya dubi yarinyar, ya sa hannu ya toshe bakinsa da kansa.

Ba a jima ba sai ga dogaran ƙofa biyu a gaɓa da sanduna, suna tambayar wanda ya yi ihun ƙarya ya sa aka sare igiyar hukuma. Kowa ya san hukuncin: a maƙala faffaɗan katako a wuya, a zaunar da mutum a bakin ƙofa rana da ruwan sama, ba ya ko iya kai abinci bakinsa. Ɗayansu ya nuna Kuai da sanda ya ce an ce mai fanke ne.

Inna Dou ta dubi Kuai sama da ƙasa, ta dubi surukinta.

"Ranka ya daɗe, wannan?" in ji ta. "Ɗan ƙanwata ne, bebe ne tun haihuwa. Tsoro ne ya sa ya faɗo mana. Mai ihun ya yi cikin kasuwa, siriri ne, na gan shi da idona."

Dogarin ya tambayi 'yan kallon da suka biyo su. Mutanen da suka gama dariya yanzu-yanzu suka ce lallai siriri ne, wani ya ƙara da cewa yana ɗingishi. Dogarin ya matso ya ɗana wa Kuai sanda a ciki ya ce ya faɗi sunansa. Gumi ya keto wa Kuai. Ya buɗe baki, ya nuna harshensa, ya girgiza kai. Dogaran suka dubi juna. Kuge ya riga ya fara kiran jirgi na gaba, suka juya.

Inna Dou ta miƙa wa Kuai ludayin kwarfa, ta nuna masa inda zai zauna a cikin ruwan da ya kai idon sawu. Mantun ya sauka gaɓa ya rataya igiyar ja a ƙirji, ya sunkuya, ya kafa ƙafa. Jirgin ya yi nauyi, ya karkata gefe ɗaya, amma ya biyo shi. A bayansa yana jin ludayi yana ɗiba yana zubarwa, yana ɗiba yana zubarwa, suka nufi arewa a hankali.